Bargon Ƙyallaye da Akwatin Uwar Biyu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in yi rubutu a kan mamaci in ƙara ko in rage, gobe kiyama a tsayar da ni. Akwai kuma magana a ciki da Gwaggo ta ce in rufe. Na tambayi malamai biyu ko ya halatta in buɗe ta. Ɗaya ya ce ya halatta, ɗayan ya ce ya danganta. Na bi na farkon, amma har yanzu gabana faɗuwa yake yi. Bara na kwanta asibiti kwana tara, a nan na ga cewa in na mutu da maganar nan a cikina, babu wanda zai san abin da zai yi da akwatin da ke ɗakina.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta rasu a Riyad wata Talata da hantsi, a gidan ɗanta da ke unguwar Suwaidi. A can mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka da maza suka tafi da ita sai muka cika falo. Wata Basudaniya maƙwabciyarsu tana ta kuka tana kiran "Ya Hajja, ya Hajja," har sai da aka ba ta ruwa. Wata ta ce Gwaggo ce ta yi mata wankan jego lokacin da ba ta san kowa ba a garin. Wata ta ce ita kam ta sha faɗa a wurinta, amma ba ta taɓa fita gidan da yunwa ba. Daga nan sai murya ta yi ƙasa.

"Wai da gaske da likkafanin masallaci aka rufe ta?"

"Haka na ji. Matar da ta je Makka ta tsoma nata a zamzam da hannunta, kowa ya sani."

"To ina ya shiga? Ƙafa gare shi?"

Idanu suka koma kan matar ɗanta, wadda ke zagayawa da shayi da dabino, idonta a kumbure. Ni ina zaune a lungu. Na san inda likkafanin yake. Makullin wurin yana ƙulle a haɓar zanena, ina jin sanyinsa a cinyata, ban ce komai ba.

Bari in koma baya.

Mijina direban motar kayan miya ne a kasuwar Aziziya, shi ya kawo ni Riyad. Gwaggo ta riga ni da shekaru masu yawa. Ɗanta yana tuƙi a wani ofishin jakadanci, ita kuma tana yi wa matar wani Bature guga a can Unguwar Ofisoshin Jakadanci, kwana uku a mako. Gajeriya ce, ƙaƙƙarfa, tana tafiya kamar wadda aka aika. Ni kuwa tun ina yarinya mai tsoro ce. Ina sake alwala sau biyu, sau uku, don ina shakkar ko ruwa ya taɓa gwiwar hannuna. Kafin in fita sai na duba iƙamata, wato takardar zama, in mayar jaka, in sake fito da ita a bakin ƙofa. In na hango motar askarawa, wato 'yan sandan ƙasar, sai in canza hanya, alhali takarduna daidai suke. Gwaggo ta sa mini suna Hajiya Fargaba. Takan ce, "In za ki ji tsoro, ji shi kina tafiya. Kada ki ji shi a zaune." Lokacin yaƙin Kuwaiti, in jiniya ta yi kuka mukan ruga ɗakin da aka liƙe tagoginsa. Ita sai ta biyo mu da farantin shinkafarta, ta ci gaba da tsince tsakuwa.

Akwai wata mata da ta zauna a ɗakinta kusan shekara guda. Kowa Uwar Biyu yake ce mata, don ta baro tagwaye a gida. Ba ta da takarda. Tana soya gyaɗa tana ƙullawa a leda, tana sayar wa 'yan dako a bayan kasuwar Aziziya. Wata rana bayan la'asar ta fita ba ta dawo ba. Daga baya muka ji an yi kame, an kai su gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ko takalmin kirki ba ta fita da shi ba. Ta bar akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Gwaggo, kusa da na Gwaggon, iri ɗaya, a shago ɗaya suka saya. Gwaggo ta ce amana ce. Ko jikokinta ba ta bari su zauna a kai. Duk wanda zai tafi gida sai ta ba shi saƙo ya tambayi labarin matar, amma shiru.

Shekara biyu ko uku bayan yaƙin, Baturiyar ta ce wa Gwaggo ita da ƙawayenta za su baje kolin bargunan da suke ɗinkawa, ta zo da 'yan'uwanta su gani. Muka tafi mu huɗu: Gwaggo, da ni, da matar ɗanta, da wata maƙwabciya 'yar Damagaram mai bakin tsiya. A ƙofar unguwar sojoji ne da bindigogi. Na miƙa iƙamata tun kafin a tambaye ni, sojan bai ko karɓa ba.

Cikin ɗakin taron mata ne zalla, an rataye abayoyi a bakin ƙofa. Barguna kuwa ga su nan a kan igiyoyi da sanduna, daga sama har ƙasa. Kowanne ƙananan ƙyallaye ne aka yanka aka harhaɗa, wani ya fito kamar taurari, wani kamar gidaje a jere, wani kamar matakala. Ban taɓa ganin irinsu ba. Na ƙi taɓa ko ɗaya, kada ya faɗo a ce ni ce.

'Yar Damagaram ta ce, "Ikon Allah. Mutum ya sayi sabon yadi, ya yayyanka shi, ya zauna wata shida yana mayar da shi yadda yake. Hajiya, waɗannan ba su da aikin yi ne?"

Gwaggo ta ce, "Ke da kike da aikin yi, me kika rataye?"

Ita ba ta tsaya kallo daga gaba ba. Zagayawa take yi bayan kowane bargo, ta kusanto da fuskarta, ta bi sawun allura da yatsa. Ta ce mini gaba na 'yan kallo ne, mai ɗinki baya take dubawa. Da muka shiga mota ta ce, "Baɗi namu zai hau igiyar nan." Muka yi dariya. Ba wasa take yi ba.

Duk Alhamis bayan azahar muka riƙa haɗuwa a ɗakinta. Ba mu sayi yadi ba. Tsofaffin atamfofinmu muka kawo, da guntayen shadda da wani tela ɗan garinmu yake tara mana a buhu. Gwaggo ta yanka kwalin shayi gida huɗu da gida uku, da shi ake auna kowane ƙyalle, a zana da guntun sabulu, a yanka. In ɗinkinki ya karkace ba ta yi miki magana, sai dai ki ga ta sa reza ta farke ta miƙo miki. Na 'yar Damagaram ta fi farkewa. Ita kuma takan ce, "Hajiya, wannan bargo ne ko hisabi?" Nawa ba ta cika farkewa ba, don ni nake riga ta. Wata rana ta ƙwace ƙyallen daga hannuna ta ce, "Ya yi, Fargaba. Wallahi ya yi. Sau nawa za ki kashe shi ki tayar?"

A wannan ɗakin ne kaɗai nake manta jakata. Gwaggo tana ɗinki tana ba mu labarin kowane zane: wannan na sunan wane ne, wannan ta saka shi ranar da ta hau jirgi. Mu yi ta hira har a kira la'asar.

Irin wannan bargo hawa uku ne. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka haɗa, akwai auduga a tsakiya, sai babban yadi a baya, a bi su da allura a ɗinke su wuri ɗaya. Da muka gama fuskar, Gwaggo ta ce tana da farin yadi da ta ajiye domin bayan. Ranar tana sauri za ta tafi guga, ɗanta yana ta danna oda a waje. Ta jefo mini makullai biyu a zare ɗaya ta ce, "Akwatin da ke wajen ƙofa. Yana nan a sama. Ki kai gida ki yanka, ki haɗa faɗinsa."

Abin da ba mu sani ba, ni da ita, a makon nan an jawo akwatunan an yi shara, aka mayar da su a juye. Na buɗe na wajen ƙofa, na ga farin yadi a sama kamar yadda ta ce, na ɗauka na rufe.

A gida da na warware shi sai na ga ya yi tauri, ga wani sawu a jikinsa kamar inda ruwa ya bushe. Na shinshina, ban gane ba. Zuciyata ta ce, in najasa ce fa? In yaro ne ya yi fitsari a kai tun tuni? Mutum zai lulluɓa da shi, ya tashi ya yi salla da kayan jikinsa. Na jiƙa shi da garin sabulu. Na wanke sau uku, na ɗauraye, na shanya, na goge, sannan na sa almakashi na raba shi biyu na haɗa. Da na kai, Gwaggo ta shafa ta ce, "Kai, Fargaba, har da guga." Na ji daɗi ƙwarai.

Mako shida muka yi muna bin sa da allura, mu huɗu a durƙushe, kowa da kusurwarta.

Ranar baje kolin, Gwaggo ba ta yi magana a mota ba, abin da ba halinta ba ne. Ashe da safen nan ta jawo akwatinta za ta ɗauki mayafin fita, ta tarar da farin yadinta kwance a sama, ba a taɓa shi ba. An rataye bargonmu a tsakiyar ɗakin. Matan Turawa da na Indiya sun taru a gabansa suna nuna atamfofin da yatsa. Gwaggo ta zagaya baya ta yafuto ni. Mu biyu kaɗai tsakanin bargon da bango.

"Wane akwati kika buɗe?"

"Na wajen ƙofa, Gwaggo. Kamar yadda kika ce."

Ta ɗora tafin hannunta a kan farin yadin. Ta daɗe a haka.

"Tare muka je da ita," in ji ta. "Wata da watanni tana ƙulla gyaɗa kafin ta saya. Ita ta riƙe baki ɗaya ni na riƙe ɗaya, muka tsoma shi a zamzam, muka shanya a rana a harabar Harami. Ta ce in ta mutu a ko'ina ne, a nemo shi. Likkafanin Uwar Biyu ne wannan."

Na kama igiyar, bargon ya girgiza gaba ɗaya.

Ta kai hancinta jikin yadin. "Me nake ji? Sabulu?"

"Na ga tabon ruwa ne. Na ce ko najasa ce."

"Sau nawa?"

"Uku."

Ta rufe bakinta da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Har yau ban san ko dariya take yi ko kuka ba. A daidai nan Baturiyar ta leƙo da fara'a, ta ce wata ƙawarta tana so ta saya. Gwaggo ta share ido ta ce, "La, madam. Mafi sayarwa. Halas." Da guntun Larabcinta ke nan, wato ba na sayarwa ba ne. Na yi sauran yinin a kujera kusa da ƙofa, ina ganin kowa ya shigo kamar ya san abin da ke rataye a can.

Washegari na je da almakashi da reza, na ce zan farke bargon duka in fitar da yadin. A ranar ne kaɗai ta taɓa yi mini tsawa.

"Ki fitar da me? An yanka shi, an wanke shi, allura ta shiga ta fita ba adadi. Haka za ki miƙa mata? Ke kullum kina tsoron abin da babu, shi ya sa ba kya ganin abin da ke gabanki. Ajiye rezar nan kafin in mare ki."

Na ce to a tambayi malam. Ta ce ta san abin da malam zai ce, kowane farin yadi mai tsarki ya isa a rufe Musulmi, kuma gaskiya ne. "Amma ba kowane farin yadi ta ba ni ajiya ba."

Ta jawo akwatinta, ta tono can ƙasa, ta fito da nata likkafanin a cikin leda. Ta sa shi a akwatin Uwar Biyu, ta naɗe bargon ta ɗora a kai, ta kulle. Ta cire makullin daga zaren ta damƙa mini.

"Ni na aike ki, rabin laifin nawa ne. In ta dawo ko ta aiko, a ba ta duka biyun, a gaya mata gaskiya. Sauran mutane kuwa ki rufe bakinki. In 'yar Damagaram ta ji, har ki mutu sunanki Mai Wanke Zamzam. Ke kuma za ki je Makka da ƙafarki ki tsomo mini wani."

Ga inda laifina na gaske yake. A lokacin baƙo ba ya fita daga gari sai da takardar kafili, wato wanda yake zaune a ƙarƙashinsa. Mijina ya samo takardar ba wuya. Na ce a bari zafi ya ragu. Da ya ragu na ce azumi ya kusa, cunkoso zai yi yawa. Na ce wa Gwaggo ko in sayi yadi a nan Riyad mu yayyafa masa zamzam na jarka. Ta ce, "Na ce da ƙafarki." Sau ɗaya har mun isa tashar bas da mijina, na hango askarawa biyu suna duba takardun fasinja. Nawa lafiya lau suke. Na ce cikina yana murɗawa, muka koma gida. Da na je wurin Gwaggo ta dube ni ta ce, "Cikin ya lafa?" Sai ta zuba mini abinci.

Ciwonta mako ɗaya ne. Ranar Litinin da yamma na same ta ita kaɗai, numfashinta yana fita da ƙyar. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, bari in fito miki da naki. Na yi alkawari zan je in tsomo wa Uwar Biyu wani."

Ta buɗe ido. "Ina raye ina kallonki ba ki je ba. Sai don wadda ba ki san inda take ba?" Ta huta kaɗan. "Na riga na ba ta. In kika buɗe akwatin nan saboda ni, ban yafe ba."

Da safe ta cika. Motar masallaci ta zo, ana so a yi mata salla da azahar. Matar ɗanta ta zazzage akwatin Gwaggo a tsakar ɗaki, ta ɗaga katifa, ta duba saman kwaba, tana kuka tana cewa wallahi a nan yake. Ɗanta ya jawo ɗayan akwatin ya girgiza kwaɗon.

"Wa ke da makullin wannan?"

Ina tsaye a bakin ƙofa, taku uku tsakanina da shi. Na ga Gwaggo kwance an rufe ta da zane. In na miƙa makullin, za ta tafi da abin da ta tanada shekara da shekaru, amma da "ban yafe ba" a kaina. In na yi shiru, za ta tafi da na sadaka, kuma ni na jawo. Na so wani ya dube ni ya gane, ya ƙwace da ƙarfi, in huta. Babu wanda ya dube ni.

Ya saki kwaɗon ya ce, "Na amana ne. Ko tana raye ba ta bari a taɓa." Suka ɗauke ta.

Wata huɗu bayan rasuwarta na je Makka. A hanya askari ya karɓi iƙamata ya miƙo mini, bai ko ɗaga kai ba. Na yi kuka a bas ɗin har wata tsohuwa ta ba ni lemo.

Ɗanta ya ba ni akwatin bayan arba'in, ya ce haka ta bar wasiyya. Da muka dawo gida na taho da shi. Matar ɗanta kuwa ta sha zargi shekaru, har an ce sayarwa ta yi. Kafin in fara rubutun nan na je Kano na gaya mata komai. Ta ce, "Kina zaune a falon nan kina jin su?" Na ce e. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, kuma tana da gaskiya. Duk wanda ya taɓa faɗin wata magana a kanta, ya sani ba ta ɗauki komai ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata kabarinta, Ya karɓe ta da yadin da ta tafi da shi.

Yanzu ga roƙona. Ban san sunan yanka na Uwar Biyu ba. Gwaggo ta sani, kunya ta hana ni tambaya. Na ji tana cewa ƙauyensu yana gabas da Haɗeja, kusa da kogi. Doguwa ce, baƙa, tana da wushirya, ga tabon ƙunar mai a bayan hannunta na dama. Tagwayenta mace da namiji ne, yanzu sun zama manya. An dawo da ita daga Riyad wajen shekarar yaƙin Kuwaiti. Wanda ya san ta, ko ya zauna gidan tarhil tare da ita, ko ya taɓa jin wata tsohuwa tana cewa ta bar akwati a Saudiyya, don Allah ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Kayanta suna nan yadda ta bar su, zannuwa huɗu, da carbi, da ƙananan takalma ƙafa biyu da ta saya wa yaran.

In kuwa ta riga ta rasu, kada a ɓoye mini don tausayi. A gaya mini da me aka rufe ta, a kuma nuna mini ƙofar 'ya'yanta.